Adana Tsofaffin Garuruwan Jigawa: Fa'idodi da Illoli

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 aka mai da Dutse babban birninta, sababbin unguwanni suka bazu a gindin duwatsu, tsohon gari kuwa, wato Garu, yana nan inda kakanni suka kafa shi. Shin ya dace a yi doka a bar irin waɗannan wurare da kamanninsu na da? Batun ya shafi Garu, ya shafi Auyo maƙwabciyar Kafin Hausa, da ragowar ganuwar Haɗeja.

Fa'idodi

Ta farko ita ce shaida. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Dutse tun zamanin Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452), amma rubutun kaɗan ne. Fada da ƙofa da tsohon masallaci su ke cike giɓin. Yaron da aka kai inda Haɗejawa suka gwabza da Turawa a 1906 ya fi riƙe labarin a kan wanda ya haddace shi a aji. Auyo kuma abar lura ce: harshen Auyokawa ya mutu, babu sauran mai jinsa, kuma gini ma haka yake tafiya in aka yi sake.

Ta biyu, sana'a. Soron ƙasa yana neman maginin da ya san kwaɓa tubali, da jera azara, da yaɓen makuba, da fitar da zanko. Muddin ana gyara, wannan ilimi zai samu magada. Ɗakin ƙasa kuma ya fi na bulo da kwano sanyi a bazara.

Akwai kuma kuɗin baƙi, ko da yake nan sai a yi hattara. San Jiminyano, ƙaramin gari a Italiya, yana cin moriyar hasumiyoyinsa 14, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1990. Sai dai can baƙi ba sa yankewa, nan kuwa cikowar ta fi yawa ne lokacin hawan sallah.

Illoli

Mafi nauyi ita ce ɗawainiyar da ke faɗa wa mazauna. Kowace damina sai an duba indararo, an toshe tsaga, an sake yaɓe, ga azara ta yi tsada saboda giginya ta ragu. Ambaliyar 2022 ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a ƙasar Haɗeja, har da yankin Kafin Hausa. Magidancin da katanga ta taɓa zubo wa iyalinsa cikin dare, in ya samu hali ya sayi siminti, ba a yi masa adalci ba in aka ce ya yi watsi da gado. Dokar da ta hana shi canza gini, ba ta kuma tallafa masa ba, ta sa shi biyan kuɗin abin da na kowa ne. Wannan illa tana raguwa sosai in aka taƙaita dokar ga fada, ƙofofi da masallatai.

Lungunan tsofaffin garuruwan da ma matsattsu ne. Motar asibiti ko ta kashe gobara ba ta iya ratsa wasunsu, haƙa magudanar ruwa kuma yakan buƙaci a taɓa katangar wani.

Sannan tarihin wa za a adana? Sau da yawa hankali yakan karkata ga fada da sarautar bayan jihadi, a manta da sarakunan Haɓe da suka gabata, da maƙera, da marina, da matan da ke saƙa da ginin tukwane. Ƙofar da aka gyara ana ganinta daga nesa, amma tsohon karofi in ya cike da shara, ba kasafai ake samun mai tambayar inda yake ba.