A Koya wa Ɗalibai Tarihin Rashin Aikin Yi a Yankunansu

Ɗalibin babbar sakandare a Kaduna zai iya zayyano maka ire-iren rashin aikin yi kamar yadda ya haddace domin jarrabawar WAEC, amma da wuya ya faɗi abin da ya mayar da masaƙun Kakuri kufai. Wannan giɓi ne da ya kamata manhajar darasin tattalin arziki ta cike. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, dubban magidanta suka riƙa cin abinci a cikinsu. Sai shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wuta ta taɓarɓare, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwanni, har UNTL ta rufe a 2007. Irin haka ta faru da masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano. Yaron da ya san wannan jeri zai gane cewa zaman kashe wandon da yake gani a majalisar unguwarsu yana da mafari, kuma manufofin da mutane suka tsara ne suka haifar da shi.

Alƙaluman su ma sai an koyi karanta su. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin 100, inda Imo da Adamawa suka haura kashi 50, Osun kuwa ba ta kai 12 ba. A farkon 2023 adadin ya koma kashi 4.1. Ma'auni ne ya sauya: yanzu wanda ya yi aikin neman kuɗi na awa ɗaya a mako ana lissafa shi cikin masu aiki. A wannan ma'auni, matashin da ke ga-ruwa a birni lokacin cin rani mai aiki ne, ko da abin da ya samu bai kai kuɗin kwanon masara ba. Wanda ba a koya wa wannan ba, ko dai ya haɗiye adadin yadda aka ba shi, ko ya ƙaryata kowace ƙididdiga.

Masu cewa darasin zai karya wa yara gwiwa su tuna cewa yaran nan suna ganin yayyensu da digiri a hannu suna tuƙa adaidaita sahu. Abin da ke karya gwiwa shi ne ganin matsala ba tare da sanin tushenta ba. Masu tsoron shigar siyasa aji kuma, maganin abin shi ne a bibiyi shekaru arba'in ko hamsin, ta yadda kowace gwamnati, ta soja da ta farar hula, za ta ɗauki nata alhakin. Batun kayan aiki ma da sauƙi, domin rahotannin hukumar ƙididdiga suna intanet kyauta, tsofaffin ma'aikatan masaƙa kuma suna nan da ransu, ana iya gayyatarsu aji. Ya rage ga ma'aikatun ilimi na jihohi su horar da malamai, su ware wa darasin makonni a zangon karatu, domin ɗaliban nan su ne gobe za su auna alƙawarin samar da aiki kafin su kaɗa ƙuri'a.