Wane Ne Mashayi? Inda Ma'aunan Likitoci Suka Saɓa

A bakin jama'a, duk wanda aka taɓa gani da kwalba ko ƙwaya a hannu sunansa mashayi. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa ba su yanke hukunci sai sun auna, kuma ma'auni biyu ne suka shahara a hannunsu: kundin ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya, da kundin DSM na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka.

DSM na huɗu, wanda ya fito a 1994, ya kasa shaye-shaye gida biyu. Akwai kamuwa, watau jiki da zuciya sun sarƙafu da abin, kuma sai an sami alamu uku daga cikin bakwai a wata goma sha biyu kafin a tabbatar da ita. Akwai kuma shan ganganci, wanda alama ɗaya tak daga cikin huɗu ta isa: sakaci da aiki ko karatu, sha a halin haɗari kamar tuƙi, yawan faɗawa hannun hukuma, ko ci gaba da sha duk da rigima da mutane. ICD na goma bai bi wannan hanya ba. A wurinsa sai shan ya yi wa jiki ko hankali lahani, amma tsangwamar jama'a ko kamun ɗan sanda kaɗai ba hujja ba ce.

Wannan saɓani ba na takarda kawai ba ne. Alal misali, a ɗauki samari biyu. Ɗaya ɗalibi ne a Ikara, an kama shi da giya sau biyu, gari ya ɗauka. Ɗayan lebura ne mai saran rake a fadamun Maƙarfi ko Kudan, kullum da asuba sai ya haɗiye tramadol kafin ya ɗauki adda. Bai taɓa fashin aiki ba, mai gona ma yabonsa yake yi. Ma'aunin shan ganganci zai cafke ɗalibin nan take, ya bar leburan ya wuce. Alhali kuwa shi ne ƙwaya ɗaya ta daina yi masa sai uku, kuma ran da bai samu ba gaɓoɓinsa su yi ta ciwo, zufa ta keto, barci ya ƙaurace. Tramadol dangin hodar opiyam ce, yawanta kuma yana jawo farfaɗiya. Abin da ma'aunin ya auna a kan ɗalibin, a gaskiya, fushin gari ne.

Amurkawa da kansu sun farga. A 2013 DSM na biyar ya soke alamar rikici da hukuma, ya shigo da tsananin ƙwaɗayin abin, ya haɗe gidajen biyu a alamu goma sha ɗaya. Sai dai alamu biyu kacal sun isa a ce akwai cuta, wannan kuwa ya yi araha. ICD na goma sha ɗaya, da ya fara aiki a 2022, ya bar rabon yadda yake, kuma shi ya fi dacewa da ƙasar da ake la'antar giya a fili ana sayar da ƙwaya a kan tire.

Saboda haka malamin da aka kawo wa ɗalibi da laifin shaye-shaye, kafin ya rubuta takardar kora, ya kamata ya tambaya: adadin yana ƙaruwa? Ya taɓa ƙoƙarin bari ya kasa? Yaya jikinsa yake ran da babu? In amsoshin sun nuna kamuwa, wurin yaron asibitin koyarwa na Shika ne, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna.