Ra'ayinmu: Taƙaita Intanet A Ɗakunan Kwanan Ɗalibai, A Yi Doka Amma A Yi Adalci

Da yawa daga cikin magidantan wannan unguwa tamu ta Shango suna da 'ya'ya a manyan makarantu, musamman Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna, wadda aka kafa a 1983, mai mazauni a Bosso da Gidan Kwano. A yau karatun jami'a ba ya yiwuwa sai da intanet, don haka duk dokar da wata jami'a za ta kafa kan amfani da layinta a ɗakunan kwanan ɗalibai, magana ce da ta shafi kowane gida.

Abin da jami'o'i suka saba hanawa iri biyu ne: musayar finafinai da waƙoƙi tsakanin kwamfutoci, da kuma zaman kallon bidiyo na sa'o'i. Ba yau aka fara ba. A shekarar 2000 jami'o'i da dama a Amurka sun toshe Napster saboda yadda masu sauke waƙoƙi suka cushe layi, har mawaƙan Metallica suka kai jami'o'in Yale da Indiana da Kudancin Kalifoniya ƙara kotu. A 2008 kuwa ƙasar ta yi dokar da ta wajabta wa jami'o'i yaƙi da satar fasaha.

Mu dai ba mu ga laifin taƙaitawa ba. Layin intanet kamar famfon unguwa ne, in mutum ɗaya ya jera jarkoki goma, mai bokiti ɗaya zai koma gida hannu rabbana. Haka nan duk wanda ya sauke fim ɗin Hausa na sata, ɗan'uwansa ne a Kano ko Kaduna ya cuta, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta tanadi hukunci a kan haka.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake zartar da dokar. Na farko, wajibi ne ta kasance a rubuce, a ba kowane ɗalibi tun ranar rajista, ya san abin da aka hana da hukuncinsa. Na biyu, kada a yi kuɗin goro. Yawancin darussan injiniya da lissafi da ake samu kyauta a YouTube bidiyo ne, in an toshe su baki ɗaya ɗan mai hali zai sayi data a wayarsa ya ci gaba, ɗan mai facin taya da ɗan mai kayan miya a kasuwar Kure su ne za a bari a baya. Na uku, kada a kori yaro daga ɗaki ko a dakatar da shi ba tare da an ji ta bakinsa ba, kuma kada a fake da tsare layi a riƙa leƙa saƙonninsa, domin sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta watan Yunin 2023.

Wannan ya fi shafar mu da ake kira baƙi ko da an haifi kakanninmu a nan. Kowa ya san irin wahalar da muke sha kan takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma kafin yaro ya samu gurbi. Dokar da ba a rubuta ba, wanda ba shi da kowa take ci, alhali sashe na 42 ya haramta nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda asalinsa ko ƙabilarsa ko addininsa.

A saboda haka muna kira ga hukumomin makarantu da su bayyana dokokinsu a fili, su kuma yi wa kowa hukunci ɗaya. Iyaye kuma mu ja kunnen 'ya'yanmu kada su ba kowa lambar sirrinsu ta shiga layi, domin abin da aboki ya sauke da sunanka, kai za a kama. Duk wanda aka ba ɗansa takardar tuhuma ya adana ta, ya kawo wa shugabannin ƙungiya tun da wuri, kafin ranar zaman kwamitin ladabtarwa.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, amin.