Wasiƙa ga Masu Binciken Take Haƙƙin Ɗan Adam

 Wannan wasiƙa taku ce, ku da Amnesty International da Human Rights Watch da takwarorinsu ke turawa garuruwan da aka yi ɓarna domin ku tattaro shaida. Magana ɗaya ce ke tafe da ni: ku buga abin da kuka tabbatar kawai, ko da bai kai abin da zuciyarku ta gaskata ba. Ba ku da kotu, ba ku da ikon kama kowa. Jarinku shi ne in kun ce abu ya faru a yarda ya faru, kuma rahoto ɗaya na iya cinye abin da aka yi shekaru ana tarawa.

A Oktoban 1990 wata yarinya mai shekara 15 ta zauna gaban wasu 'yan majalisar Amurka tana kuka, ta ce da idonta ta ga sojojin Iraƙi suna cire jarirai daga kwalba a wani asibitin Kuwait suna barin su a ƙasa su mutu. A Disamba Amnesty ta sa labarin a rahotonta, har da adadin jarirai sama da 300. Shugaba George Bush babba ya yi ta maimaita zancen jariran yana neman goyon bayan yaƙi, yaƙin kuwa ya ɓarke a Janairun 1991. Da ƙura ta lafa aka bincika, hujja ta ƙi samuwa, Amnesty ta janye maganar. A 1992 ta fito cewa yarinyar 'yar jakadan Kuwait a Amurka ce. Sojojin Iraƙi sun azabtar, sun kashe mutane a Kuwait, rahoton ma ya ƙunshi wannan, amma wake ɗaya ya ɓata gari, yau jariran nan kaɗai ake tunawa.

Ku ɗora wannan kusa da Baga. A Afrilun 2013 mutanen garin suka ce sojoji sun banka wa unguwanninsu wuta, rundunar soja ta ce gidaje 30 ne kacal suka ƙone. Human Rights Watch ta ɗauko hotunan tauraron ɗan adam na kafin abin da na bayansa, ta ƙirga gine-gine 2,275 da suka salwanta. Adadin mamata kuwa, da yake hoto daga sama ba ya nuna gawa, sai ta jingina shi ga shugabannin al'umma da suka ce sun ƙirga. Kowace lamba da mai ita. Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan tarbiyya: kafin a dubi abin da aka faɗa, a tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji.

Wahalar aikin tana kan tabarma, a sansanin 'yan gudun hijira. Mace ta ce "sun kashe mana mutum ɗari." A bakinta ɗari na iya nufin yawan da ya fi ƙarfin ƙirga. Sai ka bi a hankali: wa da wa kika gani kwance, ɗan wa ne, wa ya yi musu sutura? Ta ce "ɗan'uwana", ka tambaya uwa ɗaya uba ɗaya ne ko ɗan unguwa, domin kada shaidu uku su ba ka mamaci guda da laƙabi uku ka rubuta uku. Ba za ta ce maka 16 ga wata ba, za ta ce ranar kasuwa bayan la'asar, ana saura kwana kaza azumi, kai ne za ka zauna da kalanda. In ta ce "sojoji", ka tuna waɗanda suka kwashe 'yan matan Chibok a 2014 da sunan sojoji suka zo musu, sai ka nemi irin motar, da harshen da suke yi, da inda suka nufa. Sannan ga tafinta, wanda ke juya Kanuri zuwa Hausa, wani ya juya zuwa Turanci. A wannan hanya "an ce" kan koma "na gani" ba tare da kowa ya yi niyyar ƙarya ba. In kuma ɗan kato da gora na tsaye a bakin rumfa yana sauraro, amsar da ka samu tasa ce, ba tata ba.

Za ku ce ana kashe mutane yau, tantancewa kuma na cin watanni. Gaskiya ne, kuma babu mai hana ku fitar da sanarwar gaggawa, muddin kun rarrabe a fili abin da kuka tabbatar da wanda har yanzu zargi ne. Za ku ce gwamnati ai musantawa za ta yi ko kun tantance ko ba ku tantance ba. Musu iri biyu ne. Akwai na kakakin da ba shi da abin faɗa sai "'yan koren Turawa ne", wannan ba ya wuce kwana biyu. Akwai na wanda ya riƙe kuskurenku guda a hannu, wannan shi zai riƙa ɗagawa duk lokacin da kuka sake buɗe baki. Mafi nauyi shi ne a ce taka-tsantsan cin fuska ne ga waɗanda aka zalunta, kamar ana tuhumarsu da ƙarya. Dubi Zariya: bayan abin da ya faru tsakanin sojoji da 'yan Shi'a a Disambar 2015, an yi ta jifa da alƙaluma, amma wanda ya zauna daram shi ne 347, adadin gawarwakin da jami'in gwamnatin Kaduna ya shaida wa kwamitin bincike a 2016 cewa an binne a rami ɗaya a Mando. Mai yiwuwa mamatan sun fi haka, amma da wannan lambar iyalansu ke kafa hujja ba wanda ya isa ya ce uffan.

Saura wuri ɗaya da ƙa'idar za ta yi muku zafi. Wani lokaci bayanin da ke tabbatar da labari, kamar sunan unguwa ko ranar da aka saki mutum daga barikin Giwa, shi ne zai tona asirin wanda ya ba ku. Ku za ku hau jirgi ku koma Landan ko Abuja, shi yana nan inda kuka same shi. In abin ya kai haka ku cire bayanin, ku rage ƙarfin iƙirarin daidai da abin da ya rage a hannunku, cikakkiyar shaidar kuma ku adana ta a inda ba za a taɓa ba har ranar da wata kotu ta nema.