Daga Ƙofar Illela Zuwa Ƙofar Rafah: Takunkumi Da Bakin Ɗan Gudun Hijira

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Illela a ƙarshen shekarar 2023 ba ya buƙatar dogon bayani a kan abin da ake nufi idan aka ce an rufe iyaka. Ya ga manyan motoci jere a bakin hanya, direbobi da yaransu sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu, kayan gwari na ruɓewa cikin buhuna, ga Birnin Ƙonni nan kusa amma babu damar shiga. Wannan hoto ne ke faɗo mini a rai duk sa'ad da aka nuno ayarin motocin agaji suna jira a bakin Zirin Gaza, kuma ina ganin zai taimaka mana mu fahimci abin da ake yi wa 'yan gudun hijirar Falasɗinu.

Bari mu tuna wa mai karatu yadda abin ya faru. A ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar. Bayan kwana huɗu shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka taru a Abuja suka rufe iyakoki, suka dakatar da cinikayya, Najeriya kuma ta katse wutar lantarkin da take ba maƙwabciyarta. A takunkumin da ƙungiyar ta sa wa Mali a 2022 an togace abinci da magunguna da man fetur, amma a na Nijar ba a togace komai ba. Su ma sojojin Yamai ba su wanku ba, domin sun datse gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, hanyar da kayan agaji ke bi daga tashar ruwan Kwatano. Abin takaicin shi ne cikin masu jiran wannan agaji har da dubban 'yan Najeriya daga yankunan Sabon Birni da Isa da Zamfara da Katsina, waɗanda 'yan bindiga suka koro zuwa jihar Maraɗi tun 2019, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori. Wato mun ɗaga bulala don mu hori soja, ta sauka a bayan namu. Da aka janye takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, dalilin jinƙai aka bayar, tamkar a wannan rana ce aka gano cewa talaka na cin abinci.

Kalmar takunkumi ita kanta abar dubawa ce. A asalin Hausa, takunkumi shi ne abin da ake ɗaura wa jaki ko raƙumi a baki don kada ya ci amfanin gona ko ya yi cizo. Waɗanda suka fara aro ta domin fassara wannan mataki na siyasa sun fi masu ɗaukar matakin faɗin gaskiya, saboda a kan baki yake sauka, kuma da wuya bakin ya zama na shugaban da aka ce ana horo.

To wannan takunkumi ne aka ɗaura wa Gaza, sai dai da ƙarfin da Ƙonni ba ta taɓa gani ba. Mafi yawan mutanen Zirin, su sama da miliyan 2, 'yan gudun hijira ne ko zuriyarsu, waɗanda aka raba da garuruwansu a 1948. Domin su da 'yan'uwansu ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa hukumar UNRWA a Disambar 1949, a lokacin suna kimanin 750,000. Rajistarta daga baya ta kai kusan mutum miliyan 6, a Gaza da Gaɓar Yamma da Jodan da Labanon da Siriya, inda take gudanar da makarantu da asibitoci da rabon abinci. Rauninta shi ne kusan dukkan kuɗinta gudummawar ganin dama ce daga ƙasashe, don haka kowane mai bayarwa yana riƙe da igiyar takunkumin a hannunsa.

An ga haka a Janairun 2024, lokacin da Isra'ila ta zargi ma'aikatan hukumar 12, cikin kimanin 13,000 da ke Gaza, da hannu a harin da Hamas ta kai ranar 7 ga Oktoban 2023. Zargi ne mai nauyi, kuma binciken Majalisar ya kai ga sallamar mutum 9 da aka ce mai yiwuwa suna da hannu. Amma tun kafin a bincika, ƙasashe 16 sun tsayar da gudummawarsu. Kwamitin da tsohuwar ministar harkokin wajen Faransa, Catherine Colonna, ta jagoranta ya bayyana a Afrilun 2024 cewa Isra'ila ba ta kawo hujja a kan zarginta na cewa ma'aikata masu yawa 'yan ƙungiyoyin ta'adda ba ne. Yawancin ƙasashen sun dawo, Amurka wadda a da ita ce babbar mai bayarwa ba ta dawo ba. A Oktoban 2024 majalisar dokokin Isra'ila ta haramta wa hukumar aiki a yankunan da take iko da su, dokar ta fara aiki a ƙarshen Janairun 2025.

Me ya sa aka sa wannan hukuma a gaba haka? Amsar tana cikin suna. A rajistar UNRWA, jikan wanda aka kora daga Yafa ko Haifa ɗan gudun hijira ne har gobe, kuma muddin sunan na nan, ƙudurin Majalisar mai lamba 194 na 1948, wanda ya yi maganar komawarsu gida, bai mutu ba. Masu son rusa hukumar ba buhun fulawa ne kaɗai ya tsone musu ido ba, littafin rajistar ne.

Sai kuma maganar ƙofa. Kafin yaƙin, kimanin motoci 500 ke shiga Gaza a kowace ranar aiki. A Mayun 2024 sojojin Isra'ila suka ƙwace mashigar Rafah da ke iyaka da Masar. Daga 2 ga Maris na 2025 aka hana shigar komai har tsawon mako 11. Bayan nan aka maye gurbin wuraren rabo kusan 400 da guda 4 na wata gidauniya mai suna GHF, wadda Amurka da Isra'ila suka mara wa baya, kuma ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya ƙirga sama da mutum 1,000 da aka kashe wajen neman abinci cikin wata biyu, mafi yawansu a kusa da waɗannan wurare. A ranar 22 ga Agustan 2025 masana da ke auna matakan yunwa a duniya suka tabbatar da faɗawar birnin Gaza da kewayensa cikin matakin ƙarshe na yunwa. An tsagaita wuta a ranar 10 ga Oktoba, sannan a ranar 22 ga watan Kotun Duniya ta ce wajibi ne Isra'ila ta ba da damar shigar agaji, har da na UNRWA. Ra'ayi ne na shawara, kuma kotun ba ta da ɗan sanda.

Ba na cewa Illela da Rafah ɗaya ne. Babu jirgin da ya yi wa Ƙonni ruwan bama-bamai, kuma kowa ya san iyakarmu tana da hanyoyin bayan gari da 'yan kabu-kabu suka haddace, ga dangi a kowane tsallake. Gaza fili ne mai murabba'in kilomita 365, an tsare shi ta ƙasa da ta ruwa da ta sama. Abin da ya haɗa su shi ne tunanin cewa halal ne a matse cikin talaka domin a tanƙwara mai mulki. Tunanin bai yi aiki ba a Nijar, inda sojoji suka zauna daram, har suka fice daga ECOWAS.

Najeriya ta amince da ƙasar Falasɗinu tun 1988, wakilanmu kuma ba sa ƙasa a gwiwa wajen jawabi a zauren Majalisar. Amma bakinmu zai fi nauyi idan muka fara da gida. A Disambar 2022 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2664, wanda ya togace ayyukan agaji daga matakan ƙwace kadarori na Majalisar, wata bakwai kacal kafin taron Abuja. Ya kamata 'yan majalisarmu na Arewa, musamman masu wakiltar garuruwan iyaka irin su Illela da Jibiya da Maigatari, su matsa a rubuta irin wannan togaciya a dokokin ECOWAS, su kuma tambayi ma'aikatar harkokin waje a fili nawa Najeriya ke zubawa a asusun UNRWA kowace shekara. Haka nan kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin da ke tara wa Gaza taimako, haƙƙi ne a kansu su faɗa wa waɗanda suka bayar ta hannun wa kuɗin suka bi, kuma ta wace ƙofa kayan suka shiga.