Makamin da Ke Shafar Teku, da Tuwon Ma'aikacin Sharaɗa

Daga Kano zuwa bakin teku a Ikko tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce. To, ina ruwanmu da makamin da aka ƙera don nutsar da jirgin ruwa? Da ruwanmu kuwa, domin alkamar da ake niƙawa a Bompai, da sinadaran jima na Challawa, da ƙwayar robar da ake narkawa a Sharaɗa, akasarinsu ta teku suke zuwa. Fatun da muke jemewa ma ta can suke tafiya Italiya da Sifen.

Bari mu ɗauki Exocet na Faransa, samfurin MM38, mu ga yadda yake aiki. Yana ɗauke da nakiya mai nauyin kilo 165, yana cin zangon kimanin kilomita 40, gudunsa kuma ya kusa na sauti. Idan aka harba shi, sai ya yi ƙasa yana tafiya 'yan mitoci kaɗan bisa ruwa. Da yake duniya a kewaye take, na'urar rada ta jirgin da aka nufa ba ta hango shi sai ya matso ƙwarai. A nan ne yake kunna tasa radar ya nemi jirgin da kansa, matuƙan kuwa ba su da fiye da minti ɗaya ko biyu na kare kansu.

A ranar 4 ga Mayu 1982, a yaƙin tsibiran Falkland, Exocet guda da jirgin saman Ajantina ya harba ya ƙone jirgin yaƙin Ingila mai suna Sheffield, mutum 20 suka mutu. A wannan shekarar ce Nijeriya ta ƙaddamar da babban jirginta mai sunan Hausa, watau Aradu, wanda ya zo da irin wannan makami guda 8 samfurin Otomat. A Afrilun 2022 kuma, makamin Neptune na Yukiren ya nutsar da Moskva, jagoran jiragen yaƙin Rasha a Bahar Aswad.

Abin da ya fi damunmu shi ne, makamin ya fita daga hannun gwamnatoci kaɗai. Daga Nuwamban 2023 'yan Huthi na Yaman suka shiga kai wa jiragen kasuwanci hari a Bahar Maliya. Manyan kamfanoni suka bar hanyar Suwez suka riƙa zagayowa ta kudancin Afirka, ƙarin tafiyar wajen kwana 10 ke nan. Kuɗin inshora da na dakon kwantena suka hau a duniya. Mai masana'anta a Kano, wanda dama yake fama da rashin wutar lantarki da faɗuwar naira, ko dai ya ƙara farashi ko ya rage ma'aikata. Ma'aikatan nan kuwa su ne mazanmu da 'ya'yanmu.

An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawachiki a Janairun 2023, kuma mun yi murna. Amma tashar tsandauri ba ta sauke kayan da jirgi bai kawo ba. Saboda haka muna ganin maganin yana gida: alkamar Kadawa, da audugar Funtuwa, da fatun dabbobinmu. Masana'antar da ke samun rabin kayan aikinta daga gonakinmu ba za ta rufe ƙofa don an yi harbi a tekun Yaman ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.