Wa Zai Agaza Wa Mai Agaji?

A wannan mako za mu yi magana ne a kan waɗansu bayin Allah waɗanda ba mu cika tunawa da su ba sai ran da wahala ta same mu, watau ma'aikatan agajin gaggawa: ma'aikatan jiyya da direbobin motar asibiti, da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra wadda aka kafa a 1988, da 'yan Red Cross, da kuma 'yan agaji na ƙungiyoyinmu na addini.

Mu 'yan kasuwa da ma'aikata kullum muna bisa hanya, yau Kano, gobe Kaduna, jibi Ikko. In mota ta kife da mu tsakanin Zariya da Kwanar Ɗangora, su ne za a kira. A watan Oktoba na 2024, sa'ad da tankar mai ta kama wuta a Majiya ta Jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya. Mu dai mun ji a rediyo, muka yi musu addu'a, muka koma harkokinmu. Amma akwai waɗanda suka ɗauki ƙonannun nan da hannuwansu, sa'an nan suka koma gida aka ajiye musu tuwo, aka ce su ci.

Likitoci sun tabbatar da cewa yawan ganin irin wannan tashin hankali yana iya yi wa zuciya rauni kamar yadda wuƙa ke yi wa jiki. Mai wannan rauni ba ya samun barci, in ya samu kuma mugun mafarki ya tashe shi. Jiniya takan firgita shi, ƙaurin tsire yakan tayar masa da zuciya. Yakan yi fushi da yara a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ya daina zuwa majalisa, ya riƙa zargin kansa a kan wanda ya cika a hannunsa. In abin ya wuce wata guda bai lafa ba, to, ya zama ciwon da ke bukatar magani. Wani ma yakan faɗa shan ƙwaya don neman barci, ya ƙara wa kansa wata cutar.

A nan ne mu dangi da abokai muke yin kuskure iri biyu. Na farko, mu ce masa ba shi da tawakkali, alhali kuwa imani ba ya hana zuciya jin zafi, kamar yadda ba ya hana ƙashi karyewa. Na biyu, mu yanke hukunci nan take cewa iska ce ko sammu, mu yi ta yawo da shi har ciwo ya yi nisa. Malaman Musulunci na farko ba su ɗauki abin haka ba. Abu Zaidi Albalkhi, wanda ya rasu a 934, ya wallafa littafi a kan kiyaye lafiyar jiki da ta rai, inda ya lissafa tsoro da baƙin ciki da waswasi cikin cututtukan da ake yi wa magani.

Mu dubi abin da ya faru a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ran da wahayi ya fara sauka a kogon Hira, ya komo gida jikinsa na rawa. Nana Hadiza, Allah Ya ƙara mata yarda, ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma yi gaggawar tambaya ba. Ta lulluɓe shi har hankalinsa ya kwanta, ta saurari labarinsa, ta tuna masa kyawawan halayensa, daga nan ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal, mai ilmin da ita ba ta da shi. Ko da yake al'amarin wahayi ba shi da na biyu, hanyar da ta bi darasi ce ga kowane gida.

Saboda haka, in ɗanmu ko ƙanenmu ko mijin 'yarmu ya kwana a bakin aiki, mu bar shi ya yi barci, a kawar da yara daga ƙofar ɗakinsa. In ya so magana mu saurara, in bai so ba mu zauna tare da shi kawai. Kada mu mai da shi gidan rediyo, muna tambayarsa mutum nawa suka mutu da yadda gawa ta kasance, kada kuma mu nuna masa hotunan haɗari a waya. Mu tuna masa rayukan da Allah Ya kuɓutar ta hannunsa, da cewa ajali ba a hannunsa yake ba. In mun daina ganinsa a masallaci, mu je gida mu dubo shi, kada mu tsaya gulmarsa.

In kuwa alamomin nan sun daɗe, mu raka shi wurin likita da ƙafarmu. Akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma na Dawanau a Kano. A farkon 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, tana kuma kare mutuncin mai wannan lalura. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, a haɗa su. In har muka ji yana cewa ya gaji da duniya, ko yana ambaton kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Kada kuma mu manta da matarsa, domin ita ce ke kwana da firgicinsa. Iyayenta da 'yan'uwanta su riƙa leƙa ta, su ba ta haƙuri, su rage mata ɗawainiya. Mai hali a cikinmu ya ɗauki kuɗin magani a matsayin sadaka, shugaba a ofis kuwa ya ba da hutu ba tare da tona asiri ba.

Allah Ya saka wa masu agajinmu da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu a hanyoyinmu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.